Sabar biyu, RAID 5 da DRBD: karatu na gudu, rubutu na tafiyar hawainiya

Ɗan Yelwa, Garwa

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mako na uku ke nan ina fama da wata matsala, na ga gara in kawo ta nan tun ƙarshen wata bai riske ni ba.

Ni ke kula da na'urorin wata ƙungiyar ajiya da ba da rance a nan Garwa, muna da reshe a Marwa da wani a garin Gider. Duk sefar da aka ajiye ko aka cira a kowane reshe, a nan babban ofis ake rubuta ta. Sabar biyu gare mu, wato manyan kwamfutocin da ke riƙe bayanan, iri ɗaya, 'yan gwanjo, an sayo su shekara huɗu da suka wuce, tun ban fara aiki a wurin ba. Kowace na da faifai huɗu masu juyawa, tera 2 kowanne, masu zagaye 7200 a minti, an ɗaure su RAID 5 (tsarin haɗa faifai su zama ɗaya, ko ɗaya ya mutu bayani ba ya ɓacewa) a kan katin MegaRAID mai ƙwaƙwalwa mega 512 da batirinsa. Debian, wani nau'in Linux, ne a kansu. Manhajar DRBD na kwafar wani yanki mai giga 500 daga ta ɗaya zuwa ta biyu da tsarin C (ɗaya daga cikin tsarinta uku, A, B da C), wata manhajar kuma, Pacemaker, ita ke zaɓar wadda za ta riƙe aiki. Rumbun bayananmu PostgreSQL ne, bai ma cika giga 180 ba. Tsakanin sabar biyun akwai kebul nasu na kansu mai gigabit ɗaya, ba ya bi ta suwic.

Abin ya fara ne a makon farko na Afrilu. A da, mai karɓar kuɗi na danna maɓallin ajiyewa rasit zai fito. Yanzu idan mutane sun yi yawa sai ta ƙirga sakan shida, wani lokaci takwas, tana kallon allo mai ajiya na kallonta. Ranar Litinin layi ya fita har bakin titi cikin wannan rana, na ga wata tsohuwa mai sayar da busasshen kifi ta cire ɗankwalinta ta shimfiɗa a ƙasan baranda ta zauna, littafin ajiyarta a cinya. Abin ya tsaya mini a rai. Rufe lissafin yini, wanda a da minti ashirin ya ishe shi, yanzu yana cin fiye da awa uku, mai lissafinmu ba ta barin ofis sai bayan isha'i, ga ta da goyo.

Ga abin da na gwada. Karatu lafiya lau yake, ina samun kusan mega 400 a sakan. Rubutu ne ya mutu. Na yi gwajin rubutu da dd da manyan guntaye a cikin yankin DRBD, mega 35 kawai a sakan, alhali a baya yana kaiwa wajen 105. Na yi pg_test_fsync, gwajin da ke ƙirga rubutu nawa ake tabbatar da saukarsu a faifai, ya ba ni 38 a sakan. A takardar da wanda na gada ya bari, ya rubuta sama da 2000. Da iostat na ga jinkirin rubutu a drbd0, wato yankin DRBD ɗin, yana wajen milisakan 27 idan babu cunkoso, da rana kuwa yana haura 300. Amma faifan da ke ƙarƙashinsa, sda, bai kai milisakan ɗaya ba. Wannan shi ne ya ɗaure mini kai. Na duba lafiyar faifai huɗun da smartctl, babu ko ɗaya mai tabo. Katin ya ce komai daidai, ba ya sake gina wani faifai. Kebul ɗin tsakani na gwada shi da iperf, mega bit 940. DRBD ya ce ɓangarorin biyu UpToDate, ba ya wani kwafi a ɓoye.

Shugabanmu ya ce in rubuto masa kuɗin sababbin faifai. Ban so in sa a kashe kuɗin talakawa a kan abin da ban tabbatar shi ne ciwon ba. Don Allah wanda ya taɓa cin karo da irin wannan ya haska mini.

Matashin Domayo, Marwa

Wa alaikumus salam Yaya. Ni dai da na ga RAID 5 da faifai masu juyawa a ƙarƙashin rumbun bayanai, na riga na san inda za a je. Wannan haɗin bai dace da PostgreSQL ba ko kaɗan. Giga 180 ne fa kawai, SSD biyu, faifan nan marasa juyawa, a kowace sabar sun ishe ka, ka huta gaba ɗaya.

Kafin kuɗi su fito akwai abu uku da za su ba ka numfashi yau ɗin nan. Ka mayar da DRBD tsarin A, don ta ɗaya ta daina jiran ta biyu. Ka tilasta wa katin ya riƙa karɓar rubutu a ƙwaƙwalwarsa ko da batir ko babu, akwai wurin da ake saita haka. Sannan a PostgreSQL ka kashe synchronous_commit, saitin da ke sa shi jiran faifai kafin ya ce an karɓa. Na yi wa wani mai shagon sayar da kayan gini haka bara, na'urarsa ta koma kamar sabuwa, har yau bai kira ni da kuka ba.

Ka kuma duba lambar faifan, kada a ce irin SMR ɗin nan ne masu jera layuka kamar rufin kwano. A 2020 an yi ta hayaniya da aka gano ana sayar da irinsu don akwatunan ajiya ba tare da an rubuta a jiki ba. Su da zarar ma'ajiyarsu ta wucin gadi ta cika, rubutu sai ya durƙushe.

Baban Sabar, Njamena

Ɗan Yelwa, sannu da ƙoƙari. Ka kawo bayani yadda ya kamata, shi ya sa amsar take cikin abin da ka rubuta da hannunka. Ƙanena na Marwa, faifan ba SMR ba ne, don da su ne da ba su yi shekara huɗu suna ba da 2000 ba. Ba a nan gizo ke saƙar ba.

Ina da tambaya ɗaya: duk gwajin nan da ka lissafa, a wace sabar ka yi shi? Ina kyautata zaton a ta ɗaya ne, wadda ke riƙe da aiki. Ka shiga ta biyu kuwa?

Ga dalilina. A tsarin C, DRBD ba ya ce wa PostgreSQL an rubuta sai faifan gida da faifan maƙwabciya duk sun amsa. Saboda haka saurin tagwayen naka shi ne saurin wadda ta fi rauni a cikinsu. Ka ce sda na ta ɗaya bai kai milisakan ɗaya ba, drbd0 kuma 27. Kebul na gigabit kai tsaye ba ya cin ko rabin milisakan a zuwa da dawowa. To sauran 26 ɗin ina suka tafi? Babu inda ya rage sai faifan ta biyu.

Kuma lambar 38 ɗin nan ba baƙuwa ba ce a wurina. Bari in yi maka lissafin. Faifai mai gudun 7200 yana zagayawa sau 120 a sakan, kowane zagaye milisakan 8.3. RAID 5 kuwa kamar mai shago ne da littafi huɗu: a kowane layi uku na ɗauke da bayani, na huɗun na ɗauke da lissafin kariya wanda da shi ake maido da abin da ya ɓace idan littafi ɗaya ya ƙone, kuma layi bayan layi wannan aikin yana zagayawa a tsakaninsu. Idan za ka canza ɗan abu kaɗan a layi ɗaya, dole ka karanta tsohon bayanin, ka karanta tsohon lissafin kariyar, ka yi sabon lissafi, sannan ka rubuta biyun. Aiki huɗu ke nan a kan rubutu ɗaya. Allurar faifan za ta nemi wurin, ta jira ya zagayo ta karanta, ta sake jiran wani cikakken zagaye kafin ta rubuta a daidai gurbin. Ka haɗa waɗannan, ka samu milisakan ashirin da wani abu. Ka raba sakan ɗaya da 26, me ka samu? 38. PostgreSQL kuma duk lokacin da zai tabbatar da wata ma'amala sai ya tsaya an ce masa ta sauka a faifai, shi ya sa mai karɓar kuɗinku take tsaye.

To me ya sa a da ba ku ji wannan nauyin ba? Saboda ƙwaƙwalwar katin. Idan batirinsa na da lafiya, katin na karɓar rubutu ya ajiye a mega 512 ɗin nan, nan take ya ce an gama, daga baya ya tattara su ya sauke a faifai a tsanake, sau da yawa ma ya haɗa cikakken layi ya rubuta ba tare da ya karanta komai ba. Batirin shi ne jingina: ko wuta ta ɗauke, zai riƙe abin da ke ƙwaƙwalwar, sabo yakan kai kwana biyu zuwa uku. Ranar da katin ya ga batirin ba abin dogaro ba ne, da kansa yake komawa rubuta-kafin-amsa, ba ya neman izinin kowa, kuma ba ya kunna jar fitila a gaban sabar yadda yake yi wa mataccen faifai. Zai ci gaba da ce maka faifai lafiya, don lafiyar suke.

Shiga ta biyu ka buga waɗannan:

MegaCli -LDInfo -Lall -aAll
MegaCli -AdpBbuCmd -GetBbuStatus -aAll

A na farkon akwai layi biyu masu kama da juna, ɗaya na faɗin tsarin da aka saita, ɗaya na faɗin wanda ake kai a yanzu. Mutane da yawa na farkon suke karantawa su wuce. Na biyun za ka duba. A umarni na biyu ka duba zafin batirin, da ko yana cewa a canza shi, da ko yana cikin zagayen gwajin kansa. Katunan nan sukan sauke cajin batir su sake cika shi don su auna ƙarfinsa, wasu duk kwana 30, wasu duk kwana 90, kuma tsofaffin cikinsu sukan koma rubuta-kafin-amsa na 'yan awoyi a lokacin. Amma naka mako uku ne, ya wuce gwaji.

Idan kana son shaidar da shugabanka zai gani da ido, bayan an tashi aiki ka sa Pacemaker a yanayin gyara, ka yi drbdadm disconnect na minti biyar, ka sake pg_test_fsync, sannan ka mayar da haɗin. DRBD zai kwafe abin da ya canza kawai. Kada dai ka yi gwajin rubutu a kan ɗanyen faifai, a cikin fayil za ka yi.

Sannan ka gaya mini a wane ɗaki ta biyun take. Zafin Garwa na Afrilu ba baƙo ba ne ga mu mutanen Njamena, tukunya ɗaya ake dafa mu.

Ɗan Yelwa, Garwa

Baba, Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara girma. Gaskiyarka ce, duk a ta ɗaya na yi. Ta biyun tunda ba ta riƙe da aiki, ban kawo ta a lissafi ba. Na koma ofis bayan magariba na duba. Ga abin da ta nuna:

Default Cache Policy: WriteBack
Current Cache Policy: WriteThrough
Battery Replacement required: Yes

Wato an saita katin a WriteBack, amsa-kafin-rubutu, amma ya koma WriteThrough, rubuta-kafin-amsa, yana kuma neman a canza batir. Zafin batirin digiri 58 ne, da dare fa. A ta ɗaya 39 ne, kuma layukanta biyu duk WriteBack. Na cire tarihin katin, ya nuna ranar 4 ga Afrilu da ƙarfe uku da 'yan mintuna na rana ya sauya tsari, bai sake komawa ba. Washegarinta ne aka fara kawo mini ƙara. Na yi gwajin raba su kamar yadda ka ce: 2140 a sakan. Na mayar da haɗin: 37.

Batun ɗaki kuwa, ga yadda yake. Ta ɗaya na ɗakin da ke da na'urar sanyaya ɗaki wadda ke kan layin janareta. Ta biyu an kai ta wani ɗan ɗaki a ƙarshen tsakar gida, da niyya mai kyau, don ko gobara ta tashi kada ta cinye su tare. Sai dai ɗakin rufin kwano ne ba silin, bangonsa na fuskantar yamma, na'urar sanyinsa kuma ba ta kan janareta. Ku da kuke arewa kun san yadda ake yi idan rani ya yi nisa ruwan madatsar Lagdo mai ba mu wuta ya ja baya, wuta sai a yi ta karɓa-karɓa unguwa unguwa. Sabar na ci gaba da aiki da ondilar (akwatin batir mai riƙe wuta idan ta ɗauke) da janareta, ɗakin kuma yana zama tanda.

Na kashe ta na buɗe murfin. Ƙurar hunturu ta yi kauri a bakin fankokin kamar audugar da aka shaƙa, na sa yatsa ta ɗago a dunƙule. Batirin kuwa ya kumbura kamar fanke, har ya ɗaga ledar da aka naɗe shi da ita, takardar jikinsa ta yi ruwan ƙasa. Na cire shi na sa a kwanon ƙarfe da yashi na fitar waje.

Yanzu saura kwana shida albashin malaman makaranta ya fara shigowa. Na kira wani mai kayan sabar a Duwala, ya ce zai nemi batirin, in ya samu zai sako a jirgin ƙasa zuwa Ngaundare, daga can a ba motar Garwa. Ko komai ya tafi daidai, mako guda ne. Shin in bi shawarar ƙanena na Marwa na waɗannan kwanakin kawai, tunda muna da ondilar?

Hajiyar Tudu, Ngaundare

Ɗan Yelwa, ƙanena, don girman Allah kada ka tilasta wa katin nan. Ni na gani da idona, ba labari aka ba ni ba.

Shekaru kaɗan baya ina kula da sabar wani kamfanin sayar da magunguna a sari. Batirin kati ya mutu kamar naka, mai kamfanin ya matsa, na ce ai akwai ondilar, na saita katin ya riƙa amsawa kafin ya rubuta ko babu batir. Wata biyu komai na gudu. Ran nan da azahar wuta ta ɗauke, janareta ya yi tari sau biyu bai tashi ba, ondilar da nake taƙama da ita ta riƙe minti ɗaya da rabi ta mutu, don zafin da ya cinye batirin katin bai bar nata ba. Duk abin da ke ƙwaƙwalwar katin ya tafi. Da a ce ma'amaloli goma na ƙarshe ne suka ɓace, da da sauƙi, sai a sake shigar da su daga rasit. Ba haka abin yake ba. Katin ba ya sauke rubutu bisa jerin da ya karɓe su, saboda haka wasu shafukan rumbun sun sauka, wasu da aka rubuta kafin su ba su sauka ba. Rumbun ya tashi kamar lafiya, bayan kwana huɗu muka fara ganin kaya a ma'ajiya da babu su a lissafi. Kwana tara muka yi, mu uku, da kwalayen rasit a ƙasa muna bi ɗaya bayan ɗaya. Wancan magani ne. Naka kuɗin mai busasshen kifi ne.

Akwai wani abin da ya fi wannan haɗari a naka tsarin. Idan ta biyu ta yi wa DRBD ƙaryar cewa ta rubuta, DRBD zai yarda, zai ci gaba da nuna maka UpToDate. Sai ranar da ta ɗaya ta faɗi, ka juya ga ta biyu da murna, ka tarar da kwafi mai ramuka.

Batun synchronous_commit, in yi wa yaron Marwa adalci, shi ba ya lalata rumbu, ba kamar kashe fsync, umarnin tabbatar da saukar rubutu a faifai, ba ne. Abin da yake yi shi ne, idan sabar ta faɗi, ma'amalolin ƙasa da sakan ɗaya na ƙarshe za su iya ɓacewa bayan an riga an ce an karɓa. Ga shagon siminti wataƙila a jure. Ga wurin da ake miƙa wa mutum rasit mai hatimi, ni ba zan sa hannu ba.

Ka duba mini abu biyu tun kana ciki. Na farko, a fayil ɗin DRBD ko wanda ka gada ya rubuta disk-flushes no, layin da ke hana DRBD tura wa faifai umarnin sauke abin da ke ƙwaƙwalwa. Ana yin haka ne idan an dogara da batirin kati. Na biyu, kowane faifai yana da 'yar ƙwaƙwalwarsa wadda babu batirin da ke kare ta, ka tabbata katin ya kashe ta a duka sabar biyun. Idan waɗannan biyu suka haɗu, a buɗe ƙwaƙwalwar faifai kuma a hana tura umarnin saukewa, to kana cikin haɗari tun kafin ka taɓa komai.

Batirin Duwala kuma ka ce ya turo maka hoton takardar jikinsa ka ga shekarar da aka ƙera shi. Irin waɗannan katunan sun tsufa, yawancin batiran da ke kasuwa sun yi shekaru a kan kanta, batirin litiyam kuwa yana tsufa ko ba a taɓa jona shi ba. Ka sayi biyu, don na ta ɗaya ma sa'ansa ne. In ya iso tashar jirgi ka yi mini magana ta akwatin saƙo, ƙanen maigidana na lodi a tashar mota, zai sa maka shi a motar safe.

Baban Sabar, Njamena

Hajiya ta gama magana a kan tilasta wa kati, ban da abin ƙarawa.

Na kwana shidan nan, akwai hanyar tsakiya: tsarin B. Shi yana jiran faifan ta ɗaya, mai batir mai lafiya, ya kuma jira saƙon ya isa ƙwaƙwalwar ta biyu, amma ba ya jiran faifanta. Ya fi A, wanda da zarar ya zuba saƙon a bakin kebul yake cewa an gama. Sharaɗi ɗaya ne, kuma a ƙasashenmu mai nauyi ne: wuta na iya kashe su biyun a lokaci guda. In haka ta faru, ta ɗaya ce mai cikakken bayani, kada ta biyu ta riga ta tashi ta karɓi aiki. Saboda haka ka hana Pacemaker ɗaga ta biyu da kansa har batir ya zo, ka kuma riƙa kwashe ajiyar rumbun zuwa wani faifai na waje kowane dare. Kada ka sa ran B zai gyara rufe lissafin yini. Idan rubutu ya yi ta zuba ba tsayawa, ta biyu za ta cika ta sake riƙe ta ɗaya.

In ƙura ta lafa, ka sauya zuwa RAID 10, inda kowane faifai ke da tagwansa mai ɗauke da kwafinsa. Aiki biyu ne a kan kowane rubutu maimakon huɗu, babu karatu kafin rubutu. Za ka sauka daga tera 6 zuwa 4, kai da giga 500 kake amfani da su. Ɗaya bayan ɗaya ake yi: ka rushe ta biyu ka sake ginawa, DRBD ya cika ta, ko ka taƙaita shi a mega 60 a sakan bai kai awa biyu da rabi ba, ka juya aiki kanta, ka yi wa ta ɗaya. Ranar da za ku sayi SSD, ku nemi na sabar masu kafasito a ciki da ke ƙarasa rubutu idan wuta ta yanke. Na kwamfutar hannu suna da sauri a kwafar fim, amma a wannan rubutun na jira-a-tabbatar da yawansu ba sa abin kirki. Haka kati: na zamani sun bar batir sun koma babban kafasito da ƙwaƙwalwar filashi, sun fi jure irin yanayinmu.

Matashin Domayo, Marwa

Hajiya, na gode da kika faɗi wannan a fili. Gobe da safe zan je shagon mutumin nan in duba batirin katinsa da na ondilarsa, in mayar da saitin yadda yake. Yaya Ɗan Yelwa, ka yi haƙuri da shawarar farko.

Ɗan Yelwa, Garwa

Babu komai ƙanena, kai ma taimako ka nufa, kuma maganarka ta SSD tana cikin takardar da na miƙa.

Ga inda aka kwana. Hajiya, hasashenki ya yi daidai da rabi: disk-flushes no na nan a fayil ɗin, amma ƙwaƙwalwar faifan a kashe take a duka biyun, alhamdu lillahi. Na cire layin duk da haka har sai batir ya zauna. Na koma tsarin B daren Laraba, na hana ta biyu karɓar aiki da kanta, na rubuta a takarda na manna a ƙofar ɗakin cewa in wuta ta kashe su, ta ɗaya ake fara kunnawa, na kuma nuna wa mai gadi da mai lissafi. A wurin masu karɓar kuɗi rasit ya koma fita cikin sakan ɗaya ko ƙasa da haka. Rufe lissafin yini ya sauko zuwa awa ɗaya da minti hamsin, bai fi haka ba, kamar yadda Baba ya faɗa. Albashi ya shigo ya wuce, layi bai fita titi ba.

Na kai shugabanmu ɗakin da ƙarfe uku na rana, na bar shi ya tsaya ciki minti biyu, sannan na miƙa masa kwanon da batirin ke ciki. A ranar ya sa aka kira mai gyaran wuta ya mayar da na'urar sanyin kan layin janareta, kafinta kuma ya fara auna silin. Na hure ƙurar sabar biyun da abin hura iska. Zafin cikin ta biyu ya sauko sosai tun kafin a gama silin ɗin.

Batiran sun iso jiya da motar safe, Hajiya Allah Ya biya ki, ƙanen maigidanki har ofis ya sa aka aiko ɗan acaɓa da su. Ɗaya na sa a ta biyu da daddare. Bai koma WriteBack nan take ba, sai da ya yi caji ya gama zagayen gwajinsa, yau da hantsi na ga layin ya sauya. Na mayar da tsarin C, na saki Pacemaker, pg_test_fsync ya ba ni 1730 da haɗin a jone. Na kuma rubuta ɗan umarni da ke duba layin nan na Current Cache Policy da zafin batir a sabar biyun duk minti goma, ya turo mini saƙo a waya in wani abu ya canza.

Na biyun zan sa wa ta ɗaya ranar Asabar bayan an tashi, in na juya aiki kan ta biyu. Baba, tambaya ta ƙarshe kafin in fara shirin RAID 10 ɗin: girman guntun da katin ke rarrabawa a faifai yanzu kilo 64 ne. In bar shi haka don PostgreSQL, ko akwai wanda ka fi gamsuwa da shi?